Bangon Gabas na Soron Mahmudu

Jidda, 9 ga Rajab, 1388

Zuwa ga Baffana, Malam Idris Mahmudu Magini, Bur Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ni ce Mastura, 'yar yayanka marigayi Husaini. Rabona da kai tun ina 'yar shekara tara, lokacin da ka zo hajji muka taro ka a ƙofar gari ta Bab Makka, ka saya mini alewa, amma ka ƙi biyo mu gida. Umma Sauda tana gaishe ka, ta ce har yau ba ta huce da wannan ba.

Baffa, ba lafiya ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Soron Kaka Mahmudu ya tsage. Bangon gabas ne, tsaga guda daga ƙarƙashin tagar sama ta gangaro, kuma a tsakiyarta hannuna yana shiga har wuyan hannu.

Lokacin da ka san gidan nan, an ce shi kaɗai ne a cikin rairayi a bakin hanyar Makka. Yanzu gari ya cim mana. Gidajen bulo sun kewaye mu, mutane suna bi ta gindin bangon safe da yamma. Yaran unguwa suna ce masa kal'a, wato gidan yaƙi, zankwayen da ke kansa kuma suna ce musu kunnen zomo. To, makon jiya wani muhandis, injiniyan gine-gine, ya zo daga baladiyya, wato hukumar gari. Mutumin kirki ne, ya zauna a zaure ya sha shayi, ya yaba ginin, sannan ya fita ya shafa jan fenti a ƙofarmu. Ya ce zai dawo bayan hajji, a cikin Muharram. In ya tarar an gyara bangon yadda hankalinsa zai kwanta, zai goge jan. In ba haka ba, dole a rushe gidan kafin ya faɗa wa mutane. Ban ga laifinsa ba, ko ni ce shi haka zan yi. Umma dai ta ce ita da fita daga gidan nan sai a makara.

Wanda na ga laifinsa ƙanena ne, Othman. Shekara uku da suka wuce ya sami aiki a wurin masu buga bulo, sai ya ga duk abin da ba siminti ba kauyanci ne. Ya zo da mota, ya lulluɓe gidan gaba ɗaya da siminti, bango da rufi, har indararon rufi biyu ya toshe wai suna ɓata kyan gini. Tun daga nan ɗakuna suke gumi, gishiri yana tsatsafowa daga bango, yadin da nake ɗinka wa masu kanti yana yin fumfuna a cikin akwati. Ranar da muhandis ya tafi na gaya wa Othman abin da na gaya masa, a gaban matarsa kuma. Na san bakina, ba sai an faɗa mini ba. Tun ranar bai sake tako gidan ba.

Baffa, duk wanda ya sa hannu a ginin nan ya riga mu gidan gaskiya, sai kai. Teku ce kawai tsakaninmu, kwana ɗaya a jirgin ruwa. Don Allah ka zo ka duba mana shi. A nan aka haife ni, nan na dawo lokacin da mijina ya rasu, ban san wani gida ba.

A gaida 'yar'uwata Dela da sauran yara. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Wassalam.

'Yarka, Mastura.

*

Bur Sudan, 2 ga Sha'aban, 1388

Zuwa ga 'yata Mastura.

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan haka, takardarki ta iso, na ji abin da ke ciki. Ki gaida mini Sauda, ki ce mata fushin shekara ashirin da shida ya isa a sauke, ko raƙumi ana sauke masa kaya.

Kafin a yi wa mutum magani sai an san asalinsa, haka gini ma. Saboda haka ki saurara.

Kakanki Mahmudu ya baro Kano shekara guda bayan shigar Nasara. Bai taho da komai ba sai sana'arsa. Duk inda ya yada zango sai ya gina wa mutane ɗaki, ya sami guzuri, ya yi gaba. A haka ya ratsa Borno da Wadai, ya zauna a Mai Wurno inda aka haife ni, muka ƙetaro ta Sawakin. Da ya iso Jidda sai ya tarar ba tubali, ba jar ƙasa. Da dutsen mangabi suke gini, wanda ake sarowa a bakin teku, fari mai ramuka, mai taushi kamar busasshen ƙanzo. Mutumin da ya gina soraye a Kano sai ga shi yana dakon dutse shekara takwas. Yakan ce ginin laka da hannu ya koye shi, ginin mangabi kuwa da wuyansa.

Wani attajiri, Shaihu Hamad, yana da wurin tara ruwan sama a can bayan ganuwa, inda raƙumansa ke sha. A lokacin hanya ba ta da tsaro. Shi ne ya nemi Baba ya gina masa ɗan gida mai ƙarfi a kan ruwan. Muka fara, yaƙi ya tsayar da mu shekara guda, muka dawo muka ƙarasa. Ranar da aka kafa ƙyaure zaman lafiya ya riga ya samu. Kafofin bindiga tara da muka sha wahalar fitarwa, ba a taɓa harba ko ɗaya ba, tattabaru ne suka gaje su. Iyalin Shaihu Hamad suka kwana bakwai a ciki suka ce kaɗaici zai kashe su. Daga baya ya ba Baba gidan kyauta, da takardarsa ta kotu. Ina fata kuna riƙe da ita a wuri mai kyau.

Ga yadda jikinsa yake. Kaurin bango kamu biyu ne a ƙasa, yana raguwa in ya yi sama. Mangabi ba ya jure nauyi shi kaɗai, don haka duk jeri shida sai a shimfiɗa itace a tsawon bangon, ɗaya ta waje, ɗaya ta ciki. Shi ake ce wa takalil, kuma da itacen kandal ake yi, wanda jirage ke kawowa. Shi ne ƙashin gidan. Zaure kuwa Baba ya yi masa bakan gizo irin na Kano, sai dai da dutse. Hasumiya matakala talatin da ɗaya ce, in ba ku cinye ɗaya ba. Roshan ɗaya tak muka sa a sama, tagar katako mai sassaƙa, don matar attajirin ta ce ba za ta zauna a kurkuku ba. Zankwaye kuwa ba a sa Baba ba. Shaihu Hamad ya yi tafiya ya dawo ya tarar da ƙahoni huɗu a kan gidansa. Ya ce, "Ya mu'allim, mene ne wannan?" Baba ya ce, "Gida ba zanko, namiji ne ba hula."

Maganar siminti, kin yi gaskiya. Mangabi ɗan teku ne, yana shan laima yana fitarwa. Shafen nura, wato farar ƙasar da aka ƙona, yana barinsa ya yi gumi ya bushe. Siminti kuwa riƙe ruwan yake yi a ciki. Ku ɓamɓare shi duka, daga sama zuwa ƙasa, da ƙaramar guduma, kada a sa diga. Ku buɗe indararon nan kafin ruwan hunturu ya sauka. Amma ki sassauta wa ƙanenki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba bangon dutse nake nufi ba.

In kun ɓamɓare, ki ƙirga mini da kyau. A kan takalil na nawa tsagar ta fi faɗi, in an ƙirgo daga ƙasa? Kuma kamu nawa ne daga kusurwar kudu? Kada ki kintata, ki auna da hannunki.

Zuwa kam ba zai yiwu ba yanzu, ayyuka sun yi mini yawa. Allah ya yi muku albarka. Haza wassalam.

Baffanki, Idris.

Yaya Mastura, ni ce Dela, ni nake rubuta masa. Wannan bai san na ƙara ba. Babu wasu ayyuka. Shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe masa gani, haske kawai yake gani, kuma ba ya son a sani. Da na karanta masa takardarki ya sa na maimaita wurin bangon gabas sau uku. Ranar bai ci abinci ba.

*

Jidda, Sa'alaba, 11 ga Ramadan, 1388

Zuwa ga Ammi Idris.

Assalamu alaikum. Kef halak, ya iyali, ya azumi? Ni ne Othman bin Husaini. Ka yi haƙuri da Hausata, na fi jin ta da faɗin ta, rubutu kuma ya fi wuya.

Umma ta ce Mastura ta kai ƙarata wurinka. Tayyib. Ni ma zan faɗi nawa. Shekarar da na sa siminti, ruwa ya zuba a ɗakin Umma, na zo na same ta tana riƙe da kwano a kan katifa, tana tari. Mu'alliman nura, maginan da suka iya ta, sun tsufa, samari ba sa yi. Ni abin da na iya shi na yi. Hutuna na shekara duka na zuba a gidan nan, hannuna ya farfashe. Wallahi ba don in ɓata ba ne. Yanzu an ce ni na kashe gidan Kaka, a gaban matata.

Ra'ayina, halas, a bar shi. Ina da ɗaki biyu a Sa'alaba, Umma da Mastura su dawo wurina. Dutse ne, ya Ammi, ba mutum ba. Amma jiya na wuce ta can da mota, na ga Mastura a kan tsani da guduma, da azumi a bakinta. Ban tsaya ba. Na kai Kilo Uku na ajiye mota a gefen hanya, na daɗe ban iya tuƙi ba.

Kai ne babba. In ka ce ni ne, na karɓa. Ka gaya mini gaskiya kawai.

Ma'assalama. Ɗanka, Othman.

*

Jidda, 20 ga Shawwal, 1388

Zuwa ga Baffana Malam Idris.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da barka da shan ruwa, ina fatan an yi salla lafiya. Ina kuma yi maka sannu da jiki, kada ka tambaye ni wace tsuntsuwa ta gaya mini.

Mun ɓamɓare simintin. Ni da matan maƙwabta huɗu muka fara, mazajensu suka ji kunya suka karɓe mu. Baffa, da ka ji warin da ya fito daga ƙarƙashinsa! Dutsen ya jiƙe sharkaf, wani wurin in ka danna da yatsa sai ya lotsa. Amma cikin sati uku na iska ya bushe ya yi fari, har tsohon shafen Kaka ya fito a wurare da yawa, da sawun hannu a jiki.

Mun buɗe indararo ana saura kwana biyu ruwa ya sauka. An yi ruwa na awa uku irin wanda Jidda ba ta saba gani ba, unguwa ta zama tafki. Rufi bai yi yoyo ba, alhamdu lillahi, sai dai tsagar ta ƙara buɗewa da faɗin yatsa biyu. Washegari da hantsi sai ga Othman da mota cike da sanduna. Ya tokare bangon, ya sha ruwa a tsaye, ya gaida Umma ya tafi. Tun ranar kullum sai ya zo bayan ya tashi aiki. Gaisuwa muke yi kamar maƙwabtan da suka yi faɗa a kan akuya.

Shi ne ma ya nemo wani dattijon magini a cikin tsohon gari, Mu'allim Abdulwahid, wanda ya ce yana yaro ya ga Kaka. Ya zagaya gidan sau biyu yana girgiza kai. Ya ce abu ɗaya ya ɗaure masa kai: siminti ya cuci bango huɗu daidai wa daida, me ya sa ɗaya kaɗai ya tsage? Ruwa dai ba ya tsami banza. Amma ya ce lokaci ba ya jira, zai yi abin da suke kira ta'alik, wato a rataye bango. Za a kafa sanduna a ƙarƙashin takalil, nauyin sama duka ya hau kan itacen, sannan a zare ruɓaɓɓun duwatsun da ke ƙasa a sa sababbi. Ya ɗan fasa shafe a kusurwa ya duba itacen, ya ce kandal ne lafiyayye kamar jiya aka sa shi, zai ɗauka.

Ga awon da ka ce. Tsagar ta fi faɗi a kan takalil na uku daga ƙasa, kamu biyar daga kusurwar kudu. Na auna sau biyu. A kan wannan na ukun ne za a rataye bangon, ranar Asabar, shida ga Zulƙida, in Allah ya kai mu. Othman ya ce shi zai shiga ƙarƙashi ya zare duwatsun, ba zai bar ɗan wani ya shiga ba. Na so in hana shi, girman kai ya riƙe mini baki.

Ka sa mu a addu'a. A gaida Dela. Wassalam.

'Yarka, Mastura.

*

Wayar tangaraho, daga Bur Sudan, 3 ga Zulƙida:

KADA A RATAYE BANGO. KADA OTHMAN YA SHIGA. TAKARDA TANA TAFE. IDRIS.

*

Bur Sudan, 3 ga Zulƙida, 1388

Zuwa ga 'ya'yana Mastura da Othman, ku karanta tare.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Othman, ka ce in gaya maka gaskiya, na yi wata biyu ina juya takardarka ban amsa ba. Ga amsar. Ba kai ba ne, ni ne.

Da muka dawo aiki bayan yaƙi, katako ya yi wuya a Jidda. Muna kan bangon gabas zazzaɓi ya kwantar da Baba kwana goma, ya bar mini aikin. Shekarata goma sha tara. Muka kai takalil na uku, kandal ya ƙare, saura kamu huɗu a tsakiya. Jirgi kuwa an ce sai wata mai zuwa. Ina so Baba ya tashi ya tarar bango ya yi sama, ya san ya haifu.

Tun ina yaro nake jin Baba yana yabon azara. Yakan ce a Kano ana tsaga giginya a yi rufi da ita, gara ba ta ci, ruwa ba ya ruɓar da ita, sai ta binne jikan wanda ya sa ta. Ni ban taɓa aiki da giginya ba, a baki kawai na san ta. A bayan wurin ruwan akwai wani dabino da iska ta kayar. Na dube shi na ce, ai wannan ɗan'uwan giginya ne, tsayi ɗaya, ganye a ka. Ranar Juma'a ma'aikata suka tafi gari, na tsaga shi biyu yadda Baba ya kwatanta mini tsagar azara, na sa rabi ta waje, rabi ta ciki, na shafe da laka, na ɗora jeri a kai. Da Baba ya tashi ya ga inda bango ya kai, ya dafa kafaɗata a gaban ma'aikata ya ce, "Ga magajina."

Bayan wata takwas na taka guntun da ya rage na dabinon nan, ya marmashe a ƙarƙashin ƙafata. A nan na gane kama da wane ba wane ba ne. A lokacin an riga an ɗora bene a kai. Na yi niyyar faɗa wa Baba ya fi sau ashirin, in na tuna hannunsa a kafaɗata sai bakina ya mutu. Ƙarshe na ce zan je Bur Sudan neman aiki. Duk shekara yana aiko mini in dawo, ina kawo dalili. Har ya rasu ban dawo ba. Abin da ya hana ni biyo ku gida ke nan, Mastura, shekarar alewa. Na gina gidaje sun fi sittin a garin nan, ban sake ha'inci ko na tsinke ba, amma bai wanke mini wancan ba.

Kandal ɗin da mu'allim ya gani a kusurwa gaskiya ne, kamu uku ne kawai. Daga nan dabino ya fara. Da an ɗora nauyi a kansa, da bangon ya sauko a kan Othman. Simintinka, ɗana, gaggauta abin kawai ya yi. Yadda ma bangon ya kai shekara arba'in da uku a tsaye, ni ban gane ba.

Ku gaya wa Mu'allim Abdulwahid ya rataye daga takalil na huɗu, ta waje da ta ciki, ya bar na uku ya huta. Sannan ya buɗe daga kamu uku zuwa kamu bakwai. Za ku sami dabino guda biyu, ko ƙurarsu. Ku gaya masa wanda ya sa, kada ya zargi Baba.

Ku yafe ni. Dela tana kuka tana rubutu, in kun ga tawada ta baje, shi ne. Wassalam.

Baffanku, Idris.

*

Jidda, 17 ga Muharram, 1389

Zuwa ga Baffanmu Malam Idris.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da barka da sabuwar shekara, ka yi haƙuri da shirun da ka ji. Ban so in rubuto ba sai da magana a hannuna. Dela, ki zaunar da shi kafin ki ci gaba.

Wayarka ta iso ranar Alhamis, sanduna suna jibge a ƙofar gida. Da takardar ta biyo baya muka karanta ta tare a zaure kamar yadda ka ce. Na kai wurin da ka ce bango zai sauko a kan Othman, sai na ajiye takardar. Na ba shi haƙuri a gaban Umma, washegari kuma na je Sa'alaba na sake ba shi a gaban matarsa, tunda a nan na ci masa fuska. Ya ce halas, ya wuce, amma ya ci kwano biyu na tuwona don ya tabbatar.

Mu'allim ya rataye daga na huɗu. Aka buɗe ta waje, daga kamu uku zuwa bakwai. Yadda ka faɗa haka yake. Ba itace a wurin, sai jar ƙura da zare-zare, Othman ya kwashe ta da tafin hannu. Sai aka shiga ɗakin gabas don a buɗe ta ciki. Mu'allim ya sa kurfi, ya buga, sai kurfin ya yi tsalle. Ya share wurin da hannunsa ya kira mu.

Baffa, ba dabino a ciki. Katakon saj ne, irin na jikin jirgin ruwa, baƙi, mai kauri, har da ramukan tsofaffin ƙusoshi. Kamu biyar ne, ya hau kan kandal ta kowane gefe, an yi masa haɗi mai kyau an daddanne da ƙananan duwatsu. Mu'allim ya ce ba lokacin gini aka sa shi ba, daga baya aka fasa aka cusa, kuma wanda ya yi aikin nan shi kaɗai, ba tare da bene ya motsa ba, ya fi shi iya gini. Ya ce wannan katakon ne ya riƙe gidan duk shekarun nan.

Sai Umma ta zauna a bakin gado ta ce, "Ashe abin da tsohon nan ya yi ke nan." Ta ce tana amarya, watan da ka tafi, Kaka yakan zagaya gidan da safe yana ƙwanƙwasa bango da sandarsa yana saurare. Rannan ya je bakin teku ya dawo da katako a kan jaki. Ya shiga ɗakin gabas ya sa sakata, ya ce alkuki zai gyara. Kwana tara yana ciki, salla da abinci kawai ke fito da shi. Ƙasar da ya fasa da kansa yake fitar da ita a buhu, ko babanmu bai bari ya taya shi ba. Na ce, to me ya hana shi canza na waje? Mu'allim ya ce na waje sai an kafa sanduna a fili, duk mai wucewa ya gani, magina su tambayi wanda ya yi wannan jerin. Umma ta ce har ya rasu, in baƙo ya yaba gidan, sai ya kai shi gabas ya ce, "Wannan bangon ɗana Idris ne ya tashe shi ina kwance."

Ya sani, Baffa. Tun kana shirin tafiya, ko jim kaɗan bayan ka tafi, ya sani, kuma bai fasa aiko maka ka dawo ba.

An sa sabon kandal ta waje, an canza duwatsu arba'in da ɗaya, an shafe da nura. Othman ne ya kwaɓa, yana yi yana tsaki wai ba ta kama da wuri, yanzu kuma har ya fara koya wa mutane. Muhandis ya zo shekaranjiya. Ya hau, ya sauka, ya ƙwanƙwasa, ya daɗe a ɗakin gabas. Da zai tafi ya nemi tsumma da kananzir, ya goge jan da hannunsa.

Ta ciki ba mu shafe ba tukuna. Katakon Kaka yana nan a buɗe. Mu'allim yana so ya rufe kafin zafi ya shigo, na ce ya dakata sai na ji daga gare ka.

Umma ta ce ta sauke fushin. Wassalam.

'Yarka, Mastura.

*

Bur Sudan, 1 ga Safar, 1389

Zuwa ga Mastura da Othman.

Assalamu alaikum. Takarda ta iso. Na sa Dela ta karanta sau ɗaya, ya ishe ni.

Kada a shafe. Akwai jirgi ranar Talata ta sama, Dela za ta riƙo hannuna. Idona ba zai ga katakon ba, amma na san haɗin Baba in na taɓa. Mastura, ki jiƙa nura kwano ɗaya ki ajiye. Baba ya buɗe, ni zan rufe.

Othman ya zo da motar nan tasa bakin jirgi. Kada a tsaya da ni ko'ina, gida za a kai ni.

Wassalam. Baffanku, Idris ɗan Mahmudu.